'Yata mai shekara huɗu tana da sankarar jini: yaya ake riƙe gida tsawon wannan jinya?

Mahaifiyar yara biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Yau kwana 19 ke nan da likitoci suka tabbatar mana cewa 'yata mai shekara huɗu tana da sankarar jini, irin wadda suke kira ALL. Abin ya faro ne da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, sai ta fara kukan ƙafafunta suna ciwo, ta daina guje-guje, har ta koma miƙo hannu a ɗauke ta kamar 'yar goye. Mun yi kusan sati shida muna zaryar asibiti ana ba ta maganin zazzaɓi, kafin wata likita ta ja fatar idonta ta ga ta yi fari fat, ta kuma lura da taruwar jini a ƙarƙashin fatar ƙwaurinta alhali ba ta faɗi ba. Ranar aka ɗebi jini, bayan kwana biyu aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunta, washegari kuma aka zaunar da mu ni da mahaifinta aka faɗa mana. Wallahi daga kalmar "sankara" ban ƙara fahimtar komai ba cikin abin da likitan ya faɗa, ina dai ganin bakinsa yana motsi.

An fara ba ta magani, kuma an ce gaba ɗaya zai ɗauki fiye da shekara biyu. Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne yarinyar ta sauya mini gaba ɗaya. Fuskarta ta kumbura, cikinta ya yi tulu, tana tashi ƙarfe uku na dare tana kukan yunwa, kuma jiya ta jefe ni da kofi tana cewa ba ta sona, ita da ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi. Yayanta mai shekara bakwai ya koma fitsarin kwance, kuma shekaranjiya ya tambayi mahaifinsa ko don ya ture ta daga kan kujera ne ta kamu da ciwon. Shi kuwa mahaifin nasu ya yi shiru, in na ɗauko zancen sai ya ce a bar wa Allah, ya tashi ya fita.

Ina roƙon waɗanda suka san wannan hanya su taimake ni. Shin sakacina ne ya jawo, ganin yadda muka ɓata sati shida? Shin 'yata za ta dawo yadda na san ta? Me zan faɗa wa yayanta? Sannan ta yaya gida yake jure shekara biyu a cikin wannan hali, tunda ni kwana 19 kawai sun kusa gama da ni?

Ma'aikaciyar jinya a sashen yara ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku juriya. Na shafe shekaru ina aiki da yara masu wannan cuta, amma ba ni nake duba 'yarki ba, saboda haka duk inda maganata ta saɓa da ta likitocinta, tasu za ki bi.

Bari in fara sauke miki nauyin da kika ɗora wa kanki. Sankarar jini tana farawa ne a cikin ɓargo, inda jiki yake ƙera jini. Wata ƙwayar farin jini da ba ta gama nuna ba ce take samun kuskure a tsarin halittarta, sai ta yi ta ninkuwa ba tsayawa, har ta cika ɓargon ta hana a ƙera jini mai amfani. Shi ya sa yaro yake yin fari saboda jajayen ƙwayoyi sun yi ƙasa, yake yawan zazzaɓi saboda sojojin jiki sun ragu, yake haɓo ko taruwar jini a fata saboda ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ƙare, ƙasusuwansa kuma suke ciwo saboda ɓargo ya cushe. A mafi yawan yara ba a gano abin da ya haddasa kuskuren, kuma ba abinci ba ne, ba faɗuwa ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma abin da uwa ta yi ko ta bari ba ne. Wannan nau'in shi ne sankarar da ta fi yawa a yara, kuma ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. Alamominta na farko sun yi kama da na cututtukan yau da kullum, don haka iyaye da yawa sai sun yi makonni suna kai da kawowa kafin a gano. Abin da likitoci suka fi dubawa wajen auna haɗari shi ne shekarun yaro, yawan fararen ƙwayoyin jininsa ranar da aka gano, irin sauyin da ke cikin ƙwayoyin cutar, sannan mafi muhimmanci, yadda cutar ta karɓi magani a watan farko. Yaron da ke tsakanin shekara 1 zuwa 9 yana cikin rukunin da aka fi kyautata wa zato, kuma inda ake samun cikakken magani, kusan tara cikin goma na yara masu wannan nau'in suna rayuwa.

Sauyin halin da kike gani aikin magani ne, ba 'yarki ce ta lalace ba. A matakin farko, wanda yake ɗaukar kamar sati huɗu zuwa biyar, ana ba yaro sitiroid kullum, deksametason ko firedinisolon, tare da binkiristin ta jijiya, da asfarajines, da allurar da ake yi a gadon baya domin maganin ya kai ga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Sitiroid ɗin nan shi ke kawo yunwar da ba ta jin ƙoshi, da kumburin fuska, da rashin barci, da fushin da ba shi da dalili. Na sha ganin uwa tana kuka a bakin ƙofa saboda ɗanta ya zage ta, bayan sati biyu da tsayar da maganin kuma in same su yana kwance a cinyarta yana wasa da yatsunta. Za a sake ba ta shi nan gaba na 'yan kwanaki, halin kuma zai sake leƙowa, amma a lokacin kin riga kin san baƙon. Binkiristin kuwa yana kawo taurin bayan gida da ciwon muƙamuƙi da nauyin ƙafa, saboda haka in kin ga tana jan ƙafa ko ta kwana biyu ba ta yi bayan gida ba, ki sanar da su.

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe fiye da duk abin da na faɗa, shi ne zazzaɓi. Maganin yana karya fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan an ba da shi, kuma a irin wannan lokaci ƙwayar cutar da wani yaro zai warke daga gare ta da kansa tana iya shiga jinin 'yarki cikin sa'o'i. Ki mallaki ma'aunin zafin jiki mai kyau, ki riƙa aunawa a hammata ko a baki, ba ta dubura ba. In ya kai digiri 38, ko da tsakar dare ne, ki kira sashen da ke kula da ita ku kama hanya, kada ki jira gari ya waye, domin burin da ake da shi shi ne a sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a ɗaya da isowarku. Kada ki ba ta farasitamol kafin ki auna ki kuma yi magana da su, don yana ɓoye zazzaɓin, asfirin da ibufurofen kuwa ki nisance su saboda suna ƙara haɗarin zubar jini. Ki sani kuma sitiroid kansa yana iya danne zafin jiki, don haka in tana rawar sanyi, ko ta yi laushi ba ta son a taɓa ta, ko numfashinta ya sauya, ku tafi ko da ma'aunin bai nuna komai ba. In wani mai ƙarambau ko ƙyanda ya kusance ta, ki sanar da likita a ranar, kuma kada a yi mata wata allurar rigakafi ko a ba ta wani magani, har da na ƙarin jini ko na ƙarin kuzari, sai da saninsu. Wanke hannu da sabulu, ku da masu zuwa dubiya, ya fi duk wata dabara da za a kawo miki.

Wani uba ya amsa:

Baiwar Allah, na karanta saƙonki sau biyu, domin kamar labarin gidana kika rubuta. Ɗana yana da shekara uku aka gano masa irin wannan cuta, muka yi kusan shekara uku muna jinya, yanzu kuma yana da shekara tara, yana aji huɗu, kuma ana duba shi ne lokaci-lokaci kawai. Ma'aikaciyar jinya ta gama magana a kan magani, ni zan yi magana a kan abin da ba a rubuta mana a takardar asibiti ba.

Game da maigidanki, ina roƙonki kada ki ɗauki shirunsa a matsayin rashin damuwa. Ni ma haka na yi wa matata. In ta fara magana sai in ji kamar za a tona rijiyar da ba zan iya rufewa ba, sai in fita in zauna cikin mota a harabar asibiti, in kifa kai a kan sitiyari in yi kukan da ban yarda kowa ya gani ba, in wanke fuska in dawo ina cewa komai zai yi daidai. Ita tana ganin na bar ta ita kaɗai, ni ina ganin ina kare ta ne. Abin da ya warware mana ba doguwar hira ba ce. Wata rana ta miƙo mini littafin da take rubuta sakamakon gwajin jini ta ce daga yau ni ne mai riƙe shi. Na fara shiga wurin likita da tambayoyina a rubuce, na koyi abin da lambobin suke nufi, na san cewa in ƙwayoyin nutirofil, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, suka sauka ƙasa da 500 a gwajin sai mu kulle ƙofa ga baƙi. Da na samu aikin da hannuna zai riƙe, sai bakina ya buɗe. Ki gwada ba shi wani ɓangare na jinyar ya zama nasa shi kaɗai, ba wai taimaka miki yake yi ba.

Kika ce yaya ake jure shekara biyu. Ba haka za su kasance duka ba. Watanni shida zuwa tara na farko su ne masu zafi, da kwanciya asibiti da ƙarin jini da zubewar gashi, kuma akwai wani zango a tsakiya da ake sake tsananta magani bayan kun fara sakin jiki, gara ki san da zuwansa tun yanzu. Bayan nan sai a shiga dogon zangon da ake shan magani a gida, ƙwayar makaftofurin kullum da metotireset sau ɗaya a sati, ana zuwa asibiti jefi-jefi. Gashi yana tsirowa, yaro yana komawa makaranta, masu dubiya suna daina zuwa.

A nan ne kuma na yi kuskuren da nake so in gargaɗe ki a kansa tun kafin ki isa wurin. Da yaron ya murmure, ya yi ƙiba, yana tsalle-tsalle, sai zuciyata ta fara raya mini cewa ai ya warke. Muka yi wata tafiya muka manta da kwalbar magani, na ce kwana huɗu ba komai ba ne, daga baya ma in ya yi barci da wuri sai mu ce a bar shi sai gobe. Da na faɗa wa likitarsa ba ta yi mini faɗa ba, ta dai zaunar da ni ta bayyana mini cewa tun ƙarshen watan farko ba a ganin cutar a ɓargon mafi yawan yara, amma hakan ba ya nufin ta ƙare, akwai ragowar ƙwayoyin da ido da na'ura ba sa gani, kuma wannan 'yar ƙwayar ta kullum ita ce ke bin su tana kashewa a hankali. Ta ce binciken da aka yi a Amurka ya nuna yaran da suke tsallake shan maganin fiye da sau ɗaya cikin ashirin sun fi fuskantar dawowar cutar. Ranar ban yi barci ba. Tun daga nan na manna takarda a bango, duk daren da ya sha sai a ja layi, kuma ba mu sake tsallake ko ɗaya ba.

A dararen da na kwana a kujerar asibiti na karanta tarihin wannan magani, kuma ya ba ni ƙarfi ta wata hanya da ban zata ba. Kafin shekarar 1948 yaron da ya kamu da wannan cuta watanni kaɗan yake yi. A shekarar ce wani likita a birnin Boston mai suna Sidney Farber ya ba da rahoton cewa wani magani ya kori cutar daga jinin wasu yara, ko da yake ta dawo musu. Ita ƙwayar makaftofurin da 'yarki za ta sha, wata masaniya mai suna Gertrude Elion ce ta haɗa ta a farkon shekarun 1950, binkiristin kuma daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi. Abin da aka gano daga baya, a wurare irin asibitin yara na St. Jude da aka buɗe a Amurka a 1962, shi ne sai an haɗa magunguna da yawa, an kare ƙwaƙwalwa, an kuma daɗe ana bayarwa. Ma'ana tsawon jinyar da yake ba ki tsoro, shi kansa yana cikin maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba a kai kashi 30 ba, kuma cikin dalilan da ta lissafa har da barin magani a tsakiya. Saboda haka in kuɗi ya yanke muku, ko gajiya ta ci ƙarfinku, ko wani ya zo da labarin maganin da zai warkar cikin sati biyu, kada ku ɓace wa asibiti shiru. Ku je ku faɗa musu gaskiyar halin da kuke ciki, domin sau da yawa akwai ma'aikacin jin daɗin jama'a ko wata ƙungiyar tallafi da ba za ku san da ita ba sai kun tambaya. Masu kawo shawarar magani kuwa, kusan duk don ƙauna suke yi, ni dai amsata gare su ɗaya ce: na gode, zan tambayi likitansa.

Yayar wani da ya yi jinya ta amsa:

Anti, ni ba uwa ba ce, amma ina da shekara takwas lokacin da ƙanena ya yi wannan ciwo, don haka zan yi magana a madadin ɗanki. Babu wanda ya gaya mini komai. An ce dai ƙanena ba shi da lafiya, sai na ga mahaifiyata ta ɓace daga gida kwanaki, manya suna yin shiru in na shigo ɗaki. Wata safiya na ɗaga matashin da ya kwana a kai na ga gashi a baje, na kwashe na ɓoye a aljihuna don kada a ce ni na cire masa. Na yi watanni ina tsoron shan ruwa da kofinsa, ina kuma jin kunyar tsoron da nake ji. Har kishinsa na yi saboda kayan wasan da ake kawo masa, sannan in kwanta ina ganin ni muguwa ce.

Yaro mai shekara bakwai in ba a ba shi bayani ba, zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ya fi gaskiyar muni. Ku zaunar da shi ke da mahaifinsa, ku faɗa masa sunan cutar, domin zai ji ta a bakin wasu ko kun ɓoye. Ku ce masa jinin ƙanwarsa ne ya samu matsala daga cikin ƙashi, ture ta da ya yi bai jawo komai ba, ba zai ɗauka daga gare ta ba, maganin yana da ƙarfi har zai zubar mata da gashi ya kuma sa ta fushi, amma gashin zai dawo. Kada ku yi masa alkawarin abin da ba a hannunku yake ba, ku ce likitoci suna iya ƙoƙarinsu kuma yara da yawa suna warkewa. Zai sake yin tambayar bayan kwana biyu kamar bai ji ba, ku sake ba shi amsa. Fitsarin kwancen kada a yi masa faɗa a kai. Ki sanar da malaminsa halin da ake ciki, sannan ki ware masa ko minti goma sha biyar ne a rana da ba za a ambaci asibiti ba, in kina can ki kira shi a waya a lokaci ɗaya kullum don ya san yana da rabonsa. Ita ma ƙaramar kada a ce mata allura ba zafi, a ce za ta ji zafi kaɗan kuma kina riƙe da hannunta. Ƙanena yanzu magidanci ne, kuma abin da ya fi tunawa daga jinyar shi ne wata ma'aikaciya da ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan allura ba.

Mahaifiyar yara biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na jinkirta amsa ne saboda daren Talata jikinta ya yi zafi, na auna na ga 38.3. A da farasitamol zan ba ta in jira safiya, amma na tuna maganarki, Sista, na tayar da mahaifinta muka tafi ƙarfe ɗaya na dare. An kwantar da mu kwana huɗu ana sa mata magani ta jijiya, kuma likitan ya ce mun yi daidai da muka zo a lokacin. Mun dawo gida jiya.

Malam, na miƙa wa maigidana littafin kamar yadda ka ce. Bai ce komai ba, amma da safe na tarar ya ja layuka da rula ya raba shafin gida-gida, kuma shi ya tsare likita da tambaya a kan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Ƙanwata, mun zauna da yayan nata a kan gadonsa mun faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko in gashinta ya zube za a bar shi ya aske nasa, mahaifinsa ya ce za a bar shi. Ya zana mata hoton gidanmu da mutum huɗu a ƙofa, ta sa an manna mata a jikin ƙarfen da ake rataye ƙarin ruwa.

Yau kwana 27 da fara magani. Jibi za a sake ɗibar ɓargo don a ga yadda cutar ta karɓi maganin, kuma an ce sakamakon ne zai nuna irin zangon da za mu shiga. An hana ta cin komai tun daga tsakar daren ranar saboda maganin barcin da za a ba ta, kuma da irin yunwar da take fama da ita ban san yadda za mu kai safiya ba. In akwai wanda ya san dabarar lallashin yaron da ke shan sitiroid a irin wannan dare, ina saurare. Ku sa mu a addu'a.